Ranar da Muka Share Maƙabarta

Lokacin da na kama ɗakin haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ba a daɗe da daina kashe fam da sule ba, tsofaffi suna ta rigima da masu kanti a kan naira da kwabo. Koyarwa aka turo ni a wata firamare. Ina da sabon keke, da agogon hannu, da takardar shaidar malanta wadda nake jin babu irinta a duk jihar. Unguwar a lokacin rabi gidaje ce rabi gonaki. Idan ka nufi Tarauni da damina, sai ka ratsa dawa da gero sun fi ka tsawo kafin ka sake ganin katangar gida.

Yawancinmu baƙi ne. Direbobi, leburori, masinjoji, ƙananan ma'aikata, kowa da ƙauyen da ya baro. Da yamma mukan taru a rumfar ƙofar shagon wani tela a bakin titi, kuma a nan kulob ɗinmu ya samo asali. Ba mu kai mutum arba'in ba. Telan muka naɗa ciyaman, don ya girme mu duka, ya kuma riga mu zama a unguwar. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda sai ya cire allura daga bakinsa, ya dube ka, sannan ya amsa. Ni aka ba sakatare saboda na iya rubuta wasiƙa da Turanci, kuma gaskiya ko ba a ba ni ba da sai na nema.

Aikinmu ba boyayye ba ne. Mu yashe kwata kafin ruwa ya sauka, mu cike ramukan hanya, mu share masallaci, mu ɗauki mara lafiya zuwa asibiti idan ba shi da kowa. Ciyaman ya ɗinka mana fararen riguna masu aljihu biyu, muna sawa ranar gayya. Ran Asabar mu buga ƙwallo, a ci mu, mu dawo muna zargin alƙalin wasa. Na ji daɗin shekarun nan ƙwarai. Ga wanda ya baro danginsa a ƙauye, kulob ɗin shi ne dangi.

Akwai wata tsohuwar maƙabarta ta wajen Tarauni da ba ta da katanga. Awaki suna kiwo a ciki, shanun da ake korowa kasuwa suna ratsawa, jakuna suna birgima. Da damina kaburbura su rufta, ciyawa ta rufe ramukan. Wata rana muna rakiyar gawar wani lebura ɗan kulob ɗinmu, ƙafar ɗaya daga cikin masu ɗaukar makara ta zurma har gwiwa, saura kaɗan makarar ta kife. Da muka zauna a rumfa, ciyaman ya ce, “Wannan wuri mu ma can za a kai mu. Ya kamata mu kewaye shi.”

Shekara guda muka yi muna neman abin yin katangar. Mun shirya wasan kwaikwayo a filin makarantarmu, aka kewaye da zana, ana shiga da kwabo biyu. Ni na fito a matsayin boka, da gemun auduga wanda ya faɗi a tsakiyar wasa, mutane suka yi ta dariya suna zaton da gangan ne. Mun buga ƙwallo da samarin unguwar Daurawa, aka zaga da faranti. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya aiko da siminti bai yarda a faɗi sunansa ba. Direbobinmu suka riƙa sauke mana yashi idan sun dawo daga aiki, bulo kuwa da hannunmu muka buga. Duk ranar gini matan unguwa sukan aiko da kunu da ɗanwake, har daga Unguwar Gano, daga gidajen da ba mu ma san masu su ba.

Ni na zana yadda katangar za ta kasance, a bayan takardar jarrabawa. Na sa ƙofa ɗaya babba ta wajen titi, yadda mota za ta iya tsayawa. Akwai wata siririyar hanyar ƙafa da ta shigo ta baya, daga tsofaffin gidajen Tarauni. Na ja layi na toshe ta. Ƙofa biyu, a ganina, hanyar awaki biyu ce.

Ana gab da gamawa, farkon damina, sai ga wasiƙa daga ofishin da ke kula da ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Jami'insu zai zo ya duba aikinmu ranar Alhamis, kuma ƙungiyar da ta fi ƙoƙari a yankin za a ba ta garkuwar yabo da kayan aiki. Na karanta wasiƙar nan a rumfa sau biyu, da Turanci da Hausa. Daga ranar ban ƙara tunanin komai ba sai garkuwa. Na ce katanga kaɗai ba ta isa ba, dole cikin ma ya zama tas. Aka sa gayya ranar Lahadi.

Mun fito da sassafe da adduna da fartanyu da manjagara da baro uku. Muka sare ciyawa da tumfafiya da bini-da-zugu, muka cike kaburburan da suka rufta, muka ɗaga waɗanda suka kwanta, muka daidaita su har suka zama kamar kunyar dankali, kowanne irin ɗan'uwansa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tarkacen da ke ko'ina. Gwangwanin madara, fasasshen kasko, kwalba an kafa ta a kife, tsohon kwano, gindin tulu, har da bakin fartanya. Na ce a kwashe duka.

Ciyaman ya biyo ni inda nake tsaye da takarda a hannu. Ya ce, “Malam, ciyawa dai a sare. Amma gwangwanayen nan da a bar su. Ba iska ce ta kawo su ba.”

Na ce, “To wa ya kawo su? Maƙabarta ce ko juji?”

Ya ce, “Ina ganin a tambayi mai unguwa tukuna, ko mai haƙa kabari.”

Ina da saurin fushi, har yanzu ma ban rabu da shi duka ba. Ga rana ta fara zafi, ga mutane sun tsaya suna kallonmu. Na ɗaga murya na ce, “Ciyaman, Alhamis baƙo zai zo. In muka tsaya tambayar kowane tsoho, sai baɗi. Ku dai kuna son ci gaba, amma ba kwa son a taɓa komai.”

Ya dube ni ɗan lokaci, ya ce, “Shi ke nan, Malam. Kai ka yi karatu.” Ya koma ya ɗauki manjagararsa.

Ba zan ɓoye uzurina ba, ko da yake ba ya wanke ni. A ƙauyenmu a bayan gida ake binne mutum, kowa ya san inda kakansa yake, ba a bukatar alama. Ina ɗan shekara goma sha biyu aka kai ni makarantar kwana, daga nan sai kwalejin malamai. Kuma a wannan maƙabarta ba ni da kowa. Mafi yawanmu ba mu da kowa. Baro bakwai na tarkace muka tura, muka juye a kududdufin da ke bayan katanga.

Jami'in ya zo ranar Alhamis da mai hoto. Ya zaga, ya yaba, ya ce bai ga maƙabarta mai tsafta irin wannan ba. Aka ɗauke mu hoto a bakin ƙofa da fararen rigunanmu. Ni ne a tsakiya, kusa da shi, har na ɗan tura ciyaman gefe.

Washegari Juma'a, bayan la'asar, na hau keke na koma ni kaɗai, ba don komai ba sai don in sake kallon aikina. Na tarar da wani tsoho a ciki. Na san shi da gani. Mutumin Tarauni ne na asali, yana saƙa igiya a ƙofar gidansa, gonarsa tana cikin waɗanda aka yanka filaye. Idanunsa sun yi yana, yana ganin haske da inuwa amma ba ya rarrabe fuska. Yana tafe a hankali tsakanin kaburbura, yana taɓa kan kowanne da sandarsa. Ya taɓa, ya saurara, ya matsa gaba. Ya kai ƙarshen layi ya juyo ya sake farawa.

Na jingine keke na yi sallama. Na ce, “Baba, lafiya? Wani abu ne ya faɗi?”

Ya ce, “Lafiya lau, ɗana. Murfin langa nake nema. Shuɗi ne, bakinsa ya ɗan ɓantare. A nan wajen yake, in na taɓa shi da sanda yakan yi ƙara.”

Na ce, “Na mene ne, Baba?”

Ya ce, “Na yarona ne. A cikin langar yake tafiya da abinci wurin aiki. Da aka binne shi na kafa murfin a wajen kansa, na dasa bini-da-zugu a wajen ƙafa. Shekara shida ke nan, duk Juma'a nakan zo.” Ya nuna bayan katanga da sanda. “Da ta can nake shigowa. Daga bakin hanya taku arba'in da ɗaya, sai in karkata dama. Yau na zo na tarar da bango. Wani ya kama hannuna ya zagayo da ni ta titi, to daga nan lissafin ya ɓace mini.”

Ya ƙara da cewa, “An ce samarin kulob ne suka gyara wurin. Allah ya yi musu albarka, awaki sun dame mu. Wataƙila sun ajiye shi a gefe ne.”

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Da zagina ya yi da na sami abin riƙewa, don na iya rigima. Na tsaya riƙe da hular kaina, na ce, “Baba, ni ne sakataren kulob ɗin. Ni na sa aka kwashe. Ciyamanmu ya hana, na ƙi ji.”

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Ya ce, “Ina kuka kai?”

Ran Asabar da hantsi na tuɓe riga na shiga kududdufin nan. Ruwan ya kawo mini ƙugu, ƙasan duk laka da fasassun kwalabe. Ciyaman ya rufe shagonsa ya zo da mutum huɗu, bai ce mini “na faɗa maka” ba, ya naɗe wando ya shigo. Muka yi ta lalube da ƙafa da hannu muna jefowa gaɓa. Wajen azahar na ɗago shi, shuɗi, bakinsa a ɓantare. Na yi ihu kamar na ci ƙwallo. Na wanke shi, na fito a guje ina ɗingishi, don kwalba ta yanke ni a tafin ƙafa.

Sai da na shiga ƙofar maƙabartar, murfi a hannu, na dubi layukan nan da muka daidaita da kyau, sannan na gane wautata. Murfin ya samu, amma ba zai faɗa mini inda aka cire shi ba. Na waiwaya na ga tulin da muka tsamo a gaɓa, gwangwani da kasko da kwalba. Kowane ɗaya akwai wanda ya durƙusa ya kafa shi da hannunsa. Baba ne kawai na gani, sauran ban san ranar da suka zo suka juya ba.

Ciyaman ne ya ce mu nemi mai haƙa. Dattijo ne shi ma, a Darmanawa yake zaune, ya fi shekara ashirin yana haƙa a wurin. Da ma shi aka ce in tambaya tun farko. Ya zo ya tsaya a gindin tsamiyar da ke tsakiyar maƙabartar, ita kaɗai ce addunanmu suka bari. Ya tuna yaron sarai. Ya ce da bazara ne, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, kuma ranar mutum uku suka binne a jere kafin azahar, gabas da tsamiya. Ya auna da ƙafarsa, ya ja da baya, ya sake aunawa, ya nuna kaburbura uku.

Ya ce, “Cikin ukun nan yake, wannan ko rantsuwa zan yi. Amma wanne ne, Allah shi ya sani. Ɗaya wani baƙo ne da ya sauka a masallaci, ɗaya kuma gawarsa aka kawo daga tasha, babu wanda ya biyo shi.”

Na matsa masa. Na ce ya daure ya tuna, na farko ne ko na tsakiya. Har na fara ɗaga murya, halin nawa. Ya ce, “Malam, so kake in zaɓa maka ɗaya don hankalinka ya kwanta? Ba zan yi ba.”

Muka je muka taho da Baba. Na miƙa masa murfin, ya shafa bakinsa da yatsa har ya kai wurin ɓantarewar, ya gyaɗa kai. Mai haƙa ya kama hannunsa ya ɗora a kan kaburburan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa masa abin da ya faɗa mana. Na ce, “Baba, ko a kafa a na tsakiya? Ko ta ina ne dai yana kusa.”

Ya ce, “A'a. In na kafa a na tsakiya alhali yana gefe, kullum zan zo in ba shi baya ina yi wa wani magana.”

Ya tsuguna a wajen kawunansu, ya sa murfin a cikin aljihun rigarsa. Ya tambayi mai haƙa, “Su biyun, ka ce babu mai zuwa musu?” Mai haƙa ya ce bai taɓa ganin kowa ba. Baba ya ce, “To.” Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Ya matsa na biyu ya yi, ya matsa na uku ya yi. Da zai tashi na kama shi. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

A taron kulob na gaba na miƙe na faɗi abin da na yi, na ba ciyaman haƙuri a gaban kowa. Na ce a karɓi sakataren a ba wani. Ciyaman ya cire allura daga bakinsa ya ce, “Wa zai rubuta mana wasiƙa? Zauna, Malam.” Aka yi dariya, ni ban yi ba. Muka fasa katangar ta baya muka sa ƙaramar ƙofa a kan tsohuwar hanya. Tarkacen da muka tsamo muka jera a gindin tsamiya, mai unguwa ya sa aka yi shela. Wasu sun zo sun ɗauki nasu, mai haƙa ya taimaka musu, wasu sun gane wurin, wasu ba su gane ba. Daga ranar kuma ba mu ƙara sa adda a maƙabarta ba sai mai haƙa yana tsaye. Garkuwar mun ci, an rataye ta a shagon ciyaman, sama da keken ɗinki. Idan na shiga nakan zauna in ba ta baya.

Juma'ar da ta biyo na je ƙofar gidan Baba da keke, na ce zan raka shi. Ya ce ba sai na wahala ba, tunda an buɗe ƙofa. Na ce ba wahala. Ya ce, “To ka bar keken, ni ba na hawa.” Haka muka riƙa tafiya a ƙasa, hannunsa a kafaɗata. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Hirarsa ta gona ce, da yadda Tarauni take kafin a ja titi, da yaron nasa, wanda ya ce da yana raye da sa'ana ne, shi ma ga taurin kai. Ya faɗa mini sunansa. Yakan cire ciyawar kaburburan uku da hannu, ya gyara gefensu, ba ya fifita ɗaya. Amma na lura duk sanda muka iso, kafin ya tsuguna, sai ya miƙa sanda ya ɗan taɓa ƙasa a wajen kai, ya saurara. Hannun ne ya saba. Duk ranar da ya yi haka sai na kau da kai.

Damina uku muka yi a haka. A ta huɗu ƙafafunsa suka ƙi, ya kwanta. Na je duba shi wata Juma'a, na same shi a zaure a kan tabarma, an rufe masa kunu da murfin nan shuɗi. Muka gaisa. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, “Malam, yau ba zan iya ba. Ka je kai kaɗai. Kada ka tsallake ko ɗaya.”

Na ce, “Ba zan tsallake ba, Baba.”

Bai ƙara fita ba. A maƙabartar aka binne shi, amma can wajen sabuwar ƙofa, don gabas da tsamiya ya riga ya cika. Mu 'yan kulob muka ɗauki makararsa.

Yanzu na girmi Baba na wancan lokacin. Kulob ɗin ya watse tuntuni, gonakin duk sun zama gidaje, ni ma da sanda nake tafiya. Ba kowace Juma'a nake samun zuwa ba, amma ina zuwa. Nakan fara da Baba, sannan in taka zuwa tsamiya in juya gabas. In tsaya a kan na farko in ambaci sunan yaron, in matsa na biyu in ambata, in matsa na uku in ambata. Sau biyu a cikin ukun da baƙo nake magana, kuma har yau ban san wanne ne ba.